Ranjit Singh, Zakin Punjab: Adalin Sarki Ne ko Ɗan Mamaya?

Wane matsayi ya dace da Maharaja Ranjit Singh, sarkin Sikh da ya mulki Punjab, a tarihi? Adalin sarki ne da ya tara Musulmi da Hindu da Sikh a inuwa ɗaya, ko kuwa ɗan mamaya ne da aka rufe masallatai da sunansa, aka kuma tatse talakawa? Mutumin ya mutu tun 1839, amma har gobe ana tayar da jijiyar wuya a kansa a Indiya da Pakistan.

A watan Yunin 2019, da ya cika shekara 180 da mutuwa, an kafa mutum-mutuminsa bisa doki a tsohuwar fadar Lahore, a Pakistan. Kafin a cika wata biyu wasu suka farfasa shi. Aka gyara, aka sake kai masa hari a Disambar 2020, sannan a Agustan 2021 wani matashi ya tumɓuke shi daga kan dokin, bidiyon ya karaɗe intanet. Ana cikin wannan, a 2020, masu karanta wata mujallar tarihi ta BBC suka zaɓe shi a matsayin shugaban da ya fi kowa a tarihin duniya, da kashi 38 cikin ɗari na ƙuri'un, ya sha gaban Amilcar Cabral da Winston Churchill.

Kowane ɓangare yana da hujja. Matsalar ita ce kowa yankin da ya dame shi yake kallo. Wanda ya tsaya a Lahore da wanda ya tsaya a Srinagar ta Kashmir ko Peshawar ba mulki iri ɗaya suka gani ba, ko da yake sarkin ɗaya ne.

Su wane ne mabiya Sikh?

Da yawanmu a finafinan Indiya muka fara ganinsu: maza masu naɗin rawani da cikar gemu, sunansu ya ƙare da Singh. Saboda rawanin da gemun, wasu kan ɗauka Musulmi ne, wasu kuma su ce wani reshe ne na Hindu. Addini ne mai zaman kansa. Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a yankin Punjab, shi ya kafa shi a kan bautar Ubangiji ɗaya, da ƙin gumaka, da ƙin bambancin asali. Shugabanni goma suka jagoranci addinin bi da bi, daga nan jagoranci ya koma ga littafinsu, Guru Granth Sahib.

Da farko ba masu ɗaukar makami ba ne. Zamansu da sarakunan Mughal, Musulmin da ke mulkin Indiya a lokacin, shi ne ya yi tsami. An kashe shugabansu na biyar, Guru Arjan, a 1606 zamanin Jahangir, aka sare kan na tara, Guru Tegh Bahadur, a Delhi a 1675 zamanin Aurangzeb. A 1699 na goma, Guru Gobind Singh, ya kafa Khalsa, wato jama'ar da ta yi alkawarin riƙon addini da kare shi da takobi. Da daular Mughal ta raunana, sai Ahmad Shah Abdali na Afganistan ya dinga kawo hari Punjab. A 1762 dakarunsa suka karkashe dubban Sikh a rana guda, suka kuma rusa babban wurin ibadarsu na Amritsar.

Wannan tarihi na da muhimmanci, domin shi ne mahangar da Sikh ke kallon Ranjit Singh ta cikinta. A wurinsu, shi ne ɗan da ya fitar da su daga zaman gudun hijira a dazuka ya kai su kan karaga. Kafin zuwansa sun rarrabu gida goma sha biyu, kowane gida da jagoransa da mahayansa da yankin da yake karɓar haraji. Kowane irin wannan gida ana kiransa misl. In baƙo ya kawo yaƙi sukan haɗu, in ya tafi su koma faɗa da juna.

Yaron da agana ta cinye wa ido

An haife shi a Gujranwala, cikin Pakistan ta yau, ranar 13 ga Nuwamban 1780. Mahaifinsa, Maha Singh, shi ne jagoran gidan Sukerchakia. Tun yana ƙarami agana ta kama shi, ta tafi da idonsa na hagu, ta bar masa zanzana a fuska. Bai yi karatun kirki ba, a kan doki ya girma. Bai gama zama saurayi ba mahaifinsa ya mutu, jagorancin gidan ya faɗo kansa.

Wadda ta ɗora shi a hanya surukarsa ce, Sada Kaur, shugabar gidan Kanhaiya, macen da ta iya siyasa ta kuma iya yaƙi. Da dakarunta da nasa suka shiga Lahore a Yulin 1799, yana ɗan shekara goma sha takwas. Birnin a lokacin yana hannun jagororin gidan Bhangi, Sikh 'yan'uwansa, waɗanda mutanen gari suka gaji da mulkinsu. Manyan garin, har da Musulmi da Hindu, su suka aika masa ya zo. Ya kamata a riƙe wannan: abokan hamayyarsa na farko ba Musulmi ba ne, 'yan addininsa ne, kuma ya shafe shekaru yana haɗiye gidajensu ɗaya bayan ɗaya, wani da yaƙi, wani da aure, wani da dabara. Ita kanta Sada Kaur daga baya ya tsare ta ya karɓe ƙasarta.

A Afrilun 1801 aka naɗa shi Maharaja. Don mai karatu ya gane zamanin, shekara uku ke nan kafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, kuma ya mutu shekara biyu bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Salon sarautarsa ya bambanta da na sarakunan da suka gabace shi. Bai sa sunansa a kan kuɗi ba, da sunan Guru Nanak aka buga su. Gwamnatinsa ya kira ta Sarkar Khalsa, gwamnatin jama'ar Khalsa. Baƙin Turawa da suka ziyarci fadarsa sun bayyana shi a matsayin gajeren mutum mai sauƙin sutura, zaune kan kujera, fadawansa sun fi shi ado, ga yawan tambaya har sai baƙo ya gaji. Wannan sauƙin kai akwai addini a ciki, akwai kuma lissafi: jagororin Sikh ba za su lamunci wani ya ɗaga kansa sama da Khalsa ba.

Yarjejeniyar da ta juya akalar daular

Daga kudu maso gabas, Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila yana matsowa. A 1809 wakilinsu Charles Metcalfe ya cimma yarjejeniya da shi a Amritsar: Kogin Sutlej ya zama iyaka, ƙananan masarautun Sikh da ke ƙetaren kogin suka shiga ƙarƙashin kariyar Turawa. Wannan ya kashe burinsa na haɗa dukkan Sikh a tuta ɗaya. Ya haɗiye takaicinsa ya sa hannu, kuma bai karya yarjejeniyar ba har ya mutu, shekara talatin.

Wasu na ganin gazawa ce. A ganina ya karanci zamaninsa ne da kyau. Ya ga yadda Turawa suka karya ƙarfin Maratha, babbar daular Hindu ta Indiya, ya san sojansa ba su kai ba tukuna. Amma abin da ya biyo baya shi ne tushen gardamar yau. Tunda an toshe masa kudu, sai ya fuskanci yamma da arewa, kuma can ƙasashen Musulmi ne da ke ƙarƙashin gwamnonin Afganistan. Ya karɓi Attock a 1813. Ya ci Multan a 1818 bayan doguwar kewaya, inda Nawab Muzaffar Khan ya mutu yana kare ganuwarsa tare da wasu 'ya'yansa. Ya ci Kashmir a 1819. Ya karya mayaƙan ƙabilar Pashtun a Nowshera a 1823, sannan a 1834 ya haɗe Peshawar da daularsa kai tsaye. Shekaru aru-aru mayaƙa daga Afganistan suke gangarowa ta mashigar Khyber su ci Punjab. A zamaninsa ne ruwan ya koma yana gudu sama.

Sojan da ya gina

Mayaƙin Sikh na gargajiya mahayi ne, yana ganin tafiya a ƙasa cikin sahu ƙasƙanci ce. Ranjit Singh ya gane cewa zamanin ya koma na sojan ƙasa masu horo da igwa. Ya fara biyan albashin kuɗi maimakon dogaro da ganima. A 1822 tsoffin hafsoshin Napoleon biyu, Jean-François Allard Bafaranshe da Jean-Baptiste Ventura ɗan Italiya, suka iso Lahore neman aiki. Ya ɗauke su, suka horar masa da runduna ta musamman da ake kira Fauj-i-Khas, har umarnin faretinta da Faransanci ake bayarwa. Daga baya Claude Auguste Court ya zo ya inganta ƙirar igwa.

Duk da haka bai danƙa wa Turawan wuyansa ba. Manyan janarorinsa sun haɗa da Diwan Mohkam Chand da Misr Diwan Chand, dukansu Hindu, da Hari Singh Nalwa, Sikh, wanda ya tsare iyakar yamma har aka kashe shi a Jamrud a 1837. Rundunar igwa kuwa, wadda ita ce ƙashin bayan sojan, Musulmi irin su Ilahi Bakhsh ne suka jagorance ta. Wata ƙatuwar igwa mai suna Zamzama, da aka ƙera wa Ahmad Shah Abdali a Lahore, ta dawo hannun Ranjit Singh, da ita aka daki ganuwar Multan. Yanzu tana ajiye a bakin titi gaban gidan tarihi na Lahore.

Hujjar masu yabo

Sikh 'yan tsiraru ne a daular da suke mulka. Musulmi su ne mafi rinjaye, sai Hindu. Sarkin da ke cikin irin wannan hali, ko ya yi mulki da mutane ko ya kwana a kan doki har abada. Ranjit Singh ya zaɓi na farko a tsakiyar Punjab.

Fakir Azizuddin, likita Musulmi da ya fara shiga fada ta hanyar yi masa maganin ido, shi ya zama mai kula da harkokin waje, amintaccensa a duk tattaunawa da Turawa. Ɗan'uwansa Fakir Nuruddin yana riƙe da al'amuran birnin Lahore, wani ɗan'uwan nasu, Imamuddin, aka ba shi amanar ganuwar Gobindgarh a Amritsar inda ake ajiye dukiya. Dina Nath, Hindu, ya riƙe baitulmali. Dhian Singh, Hindu daga Jammu, ya zama waziri. Harshen fada Farisanci ne, kamar zamanin Mughal. An bar alƙalai suna yi wa Musulmi shari'ar aure da gado. Ba a tilasta wa kowa shiga addinin sarki ba. Ya lulluɓe wurin ibadar Amritsar da zinare, abin da ya sa ake kiransa Haikalin Zinare, ya kuma yi kyauta ga wuraren ibadar Hindu da hubbaren waliyyan Musulmi. A 1802 ya auri wata Musulma mai suna Moran, abin da ya fusata masu tsattsauran ra'ayin Sikh. Akwai masallaci a tsohon birnin Lahore da har yau ake danganta shi da ita.

Ana kuma yawan cewa bai taɓa yanke wa kowa hukuncin kisa da bakinsa ba. Sarakunan da ya ci da yaƙi, maimakon ya kashe su, yakan yanka musu wani yanki su ci harajinsa su rayu. A zamanin da makantar da ɗan'uwa a kan sarauta ya zama ruwan dare a Kabul, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga manomin Punjab, Musulmi ko waninsa, babbar ribar ita ce shekara arba'in ba tare da rundunar baƙi ta tattake masa gona ba.

Hujjar masu suka

Sai dai duk wanda ya tsaya a nan ya ɓoye rabin labari, kuma rabin da ya ɓoye shi ne ya fi yi wa Musulmi zafi.

A Lahore kanta, Masallacin Badshahi da Aurangzeb ya gina an mayar da shi ma'ajiyar makamai, farfajiyarsa ta zama wurin ɗaure dawaki. Ƙaramin Masallacin Moti da ke cikin fada ya koma ma'ajiyar dukiya. An ɓamɓare duwatsun ado daga gine-ginen Mughal aka yi wasu gine-gine da su. An haramta yanka saniya a daular.

A Kashmir abin ya fi muni. Gwamnonin da aka tura sun rufe babban Masallacin Juma'a na Srinagar shekaru masu yawa, suka hana kiran sallah a bainar jama'a, kuma wanda aka kama ya yanka saniya yana iya rasa ransa. Haraji ya yi nauyi a kan manoma da masaƙan mayafan Kashmir da suka shahara a duniya. William Moorcroft, Baturen da ya zauna a kwarin a farkon shekarun 1820, ya rubuta irin talaucin da ya gani da idonsa. A farkon shekarun 1830 yunwa ta faɗa wa kwarin, mutane da yawa suka mutu, wasu suka yi ƙaura. Gaskiya ne gwamnonin Afganistan da suka gabata, duk da Musulmi ne, su ma sun gallaza wa Kashmirawa. Amma zaluncin na baya ba ya wanke na gaba.

A Peshawar, Paolo Avitabile ɗan Italiya da aka naɗa gwamna ya yi mulki da igiyar rataya, har iyaye suka riƙa tsorata yara da sunansa, Abu Tabela. Don haka maganar cewa ba a kisa a daular, a fadar sarki ta tsaya, ba ta kai bakin iyaka ba. A yankin ne kuma Sayyid Ahmad na Rae Bareli ya ɗaga tutar jihadi a 1826. Ya riƙe Peshawar na ɗan lokaci a 1830, saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabannin Pashtun, sannan dakarun Sikh suka kashe shi tare da abokin jihadinsa Shah Ismail a Balakot a 1831. Musulmi da yawa a Pakistan da Indiya shahidai suke kiransu, kuma a wurinsu Ranjit Singh shi ne sarkin da aka yaƙa.

Abin da na fahimta daga haɗa hujjojin biyu shi ne, sassaucinsa ya fi yawa inda yake buƙatar goyon bayan mutane, ya kuma ragu inda ya ɗauki ƙasa a matsayin ganima. Punjab gida ce, Kashmir da Peshawar wuraren tara haraji ne da ake bai wa gwamna ya cike adadin da aka yanka masa ta kowace hanya. Kiransa maƙiyin Musulunci bai dace da mutumin da ya danƙa sirrin daularsa da igwoginsa a hannun Musulmi ba. Haka kuma kiransa gwarzon daidaiton addinai irin na wannan zamani rashin adalci ne ga Bakashmiren da aka hana shi jin kiran sallah a garinsu.

Me ya sa daular ta rushe cikin shekara goma?

Ya mutu a Lahore ranar 27 ga Yunin 1839, bayan shanyewar jiki da ta yi ta dawo masa, ga kuma yawan shan giya da ya raunana shi. Da aka zo ƙona gawarsa bisa al'ada, matansa huɗu da kuyangi bakwai suka bi ta cikin wutar.

Komai na daular a kansa yake rataye. Shi ke daidaita jagororin Sikh da 'yan gidan Dogra na Jammu, wato su waziri Dhian Singh, da hafsoshin Turawa, kowa yana tsoronsa, babu mai amincewa da ɗan'uwansa. Bai bar tsayayyen tsarin gado ba. Ɗansa Kharak Singh an ture shi cikin 'yan watanni, ya mutu a Nuwamban 1840. Ɗan Kharak Singh, Nau Nihal Singh, yana dawowa daga ƙona gawar uban ginin wata ƙofa ya rufto masa, shi ma ya tafi. Sher Singh, wani ɗan Ranjit Singh, ya hau, aka harbe shi a Satumban 1843, aka kashe waziri Dhian Singh a ranar. Sarauta ta faɗa kan autan Ranjit Singh, Duleep Singh, yaro ɗan shekara biyar, mahaifiyarsa Jind Kaur tana riƙe masa. Sojoji suka kafa majalisunsu, suna naɗawa suna saukewa, suna neman ƙarin albashi daga baitulmalin da ya fara ƙafewa.

Turawa na bakin Sutlej suna jira. An gwabza yaƙi na farko a 1845 zuwa 1846. Sojan Khalsa sun yi faɗan da ya girgiza Turawa a Ferozeshah, amma manyan kwamandojinsu, Lal Singh da Tej Singh, ana zarginsu da haɗa baki da abokan gaba. Yaƙi na biyu ya ƙare da karyewarsu a Gujrat a Fabrairun 1849, kuma ranar 29 ga Maris na shekarar Gwamna Janar na Turawa, Lord Dalhousie, ya haɗe Punjab da mulkin Kamfani. Aka raba Duleep Singh da mahaifiyarsa, aka kai shi Ingila, ya mutu a Paris a 1893.

Inda abin ya shafi mutanen yau

Mafi nauyin gadon wannan tarihi a kan Kashmirawa ya faɗa. Bayan yaƙin farko, a Maris 1846, Turawa suka sayar wa Gulab Singh na Jammu, tsohon bafaden Ranjit Singh, da Kashmir a kan rupi miliyan bakwai da rabi. Ta haka ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne ta koma hannun gidan sarautar Hindu. Magajin wannan gida, Hari Singh, shi ya sa hannu ya shigar da Kashmir cikin Indiya a 1947, kuma rikicin da ya ɓarke daga nan bai mutu ba. Harin farko da aka kai wa mutum-mutumin Lahore ya zo ne kwanaki kaɗan bayan Indiya ta soke matsayin musamman na Kashmir a Agustan 2019.

Peshawar ma, da ba don Ranjit Singh ya ƙwace ta daga Afganistan ba, da wuya ta faɗa hannun Turawa ta wannan hanya har ta zama birnin Pakistan. Rabon ƙasa na 1947 kuma ya tsaga Punjab gida biyu. Amritsar ta zauna a Indiya inda yawancin Sikh suke, Gujranwala da Lahore da hubbaren Ranjit Singh, wanda ke jingine da Masallacin Badshahi, suka zauna a Pakistan. Sikh da ke son ziyartar wuraren nan sai da biza, kuma duk lokacin da ƙasashen biyu suka yi tsami, ziyarar na cikin abubuwan da ake fara dakatarwa. A cikin Pakistan kanta akwai 'yan Punjab Musulmi da ke alfahari da shi a matsayin ɗan ƙasa da ya mulki Punjab bayan ƙarnoni na mulkin baƙi, akwai kuma waɗanda ke ganin girmama shi cin fuska ne ga waɗanda suka faɗi a Multan da Balakot.

Sai lu'ulu'un Koh-i-Noor. Ranjit Singh ya karɓe shi a 1813 daga hannun Shah Shuja, hamɓararren sarkin Afganistan da ya zo neman mafaka a Lahore, bayan ya matsa masa lamba. A 1849 aka sa Duleep Singh, yana ɗan shekara goma, ya sa hannu a takardar miƙa shi ga Sarauniya Victoria. An sake yanka shi a Landan a 1852, ya ragu daga kusan karat 186 zuwa 105.6. Yanzu yana jikin kambin da aka yi wa mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1937, a Hasumiyar Landan. A bikin naɗin Sarki Charles a Mayun 2023 an kauce wa amfani da wannan kambi, a daidai lokacin da kiraye-kirayen a mayar da dutsen suka ƙaru. Indiya da Pakistan da Afganistan da Iran duk sun taɓa cewa nasu ne, Birtaniya kuwa ta tsaya a kan cewa ta same shi ne ta yarjejeniyar 1849, kuma ba ta nuna alamar sakinsa ba.